Daga Kwanon Baƙin Mai Zuwa Takarda: Waiwaye Kan Numfashin Inji a Fadamar Haɗeja

Inji ya fi shan iska a kan mai. Mu dai man muke gani, domin shi muke biya da kuɗi, shi muke bin layi a kansa, shi muke cigiyar farashinsa kowace safiya. Amma kafin injin mota ya ƙone litar fetur ɗaya, sai ya zuƙi iskar da ta kai lita dubu 9 ko fiye. Duk abin da ke yawo a cikin wannan iska, in ba a tare shi a ƙofa ba, cikin inji zai sauka. A ƙasar da iskarta take garau, wannan ƙaramar magana ce. A ƙasar Haɗeja kuwa, ita ce ke raba injin da zai tsufa a hannun mai shi da wanda za a sauke tun bai gama biyan kuɗinsa ba.

Ƙurarmu iri-iri ce. Akwai ta hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Nuwamba zuwa Maris, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wurin da masana ke cewa ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Ita ce hazon da ke rufe rana, mai laushi ƙwarai, wadda ko a ɗaki rufe sai ta shiga. Akwai ta gida: idan ruwa ya janye daga fadama, laka ta bushe ta tsattsage, kofaton shanu da tayoyin mota su niƙe ta ta koma gari. Akwai rairayin tudu da iska ke watsowa kan hanya. Sai kuma ƙaiƙayin shinkafa da na alkama a lokacin casa, wanda ke tashi ya lulluɓe mutum da injinsa gaba ɗaya. Duk motar da ke zirga-zirga tsakanin Haɗeja da Auyo, Kafin Hausa, Guri, Kiri Kasamma, Birniwa ko Malam Madori, wannan ita ce iskar da take shaƙa fiye da rabin shekara.

Ɓarnar ƙura a cikin inji ba ta yin ƙara. Ƙwayar rairayi, komai ƙanƙantarta, ta fi ƙarfen silinda tauri. Idan ta shiga ta gauraya da baƙin mai, sai ta riƙa goge ringi da bangon silinda a duk hawa da saukar fistin. Wata da watanni ba a ganin komai. Daga baya mota ta fara shan baƙin mai, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, da safe sai an tura, a hawan gada kuma ta kasa. A lokacin sai a zargi mai sayar da fetur, a zargi baƙin man da aka yi juye da shi, a zargi bakaniken da ya taɓa ta na ƙarshe. Ba kasafai ake tuna ƙaramin akwatin da ke bakin inji ba, alhali daga nan ɓarnar ta faro.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 sun san wani tsari daban. Motocin da suka tattake hanyoyin wannan ƙasa tun ba kwalta, irin su Land Rover ta ma'aikatan gona, da Peugeot 404 a-kori-kura, da manyan motocin Bedford, da Mercedes 911 da muke kira Roka, da taraktocin Massey Ferguson, akasarinsu wata tukunyar ƙarfe ce a bakin injinsu, mai kwano a gindinta. A cikin kwanon ake zuba baƙin mai har zuwa wani layi da aka zana. Iska za ta shigo ta sama ta gangara da ƙarfi, tana zuwa dab da man sai ta yi kwana ta koma sama. Ƙurar da ke da nauyi ba ta iya wannan kwana, sai ta faɗa cikin mai ta nutse. Wadda ta tsira kuma ta ci karo da curin waya mai jiƙe da mai, ta maƙale a jiki, man ya wanko ta ya dawo da ita kwano. Babu abin da ake jefarwa sai dattin da gurɓataccen man. Tukunyar kanta tana iya kai tsawon ran motar.

Kula da wannan kwano aikin yaron mota ne, kuma yana cikin darasin farko da ake koya masa. Da sanyin safiya a tasha, kafin a fara lodi, zai ɓalle maƙallan, ya sauke kwanon, ya zubar da man, ya kankare taɓon da ya kwanta a ƙasa, ya wanke da kananzir, ya zuba sabon mai daidai layi.

"Kai yaro, ka duba kwanon nan kuwa?"

"Na duba, Maigida, na ma canza masa mai."

Duk da haka sai direban ya tsoma yatsa ya gani da kansa. A nan amfanin wannan tsari yake, wanda a ganina ya zarce tace iska. Kwanon yana ba da shaida. Yaron da ya kankare taɓo mai kaurin yatsa bayan tafiya ɗaya a kan turɓaya, ba ya buƙatar a yi masa lacca kan abin da ƙura ke yi wa inji. Ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya san cewa da babu kwanon da duk wannan yana cikin silinda. Ilimin yana shiga ta hannu, kuma ba ya fita.

Ba ina cewa tsarin da ba shi da aibu ba ne. Ƙura mai laushi irin ta hazo takan wuce shi, musamman idan inji yana tafiya a hankali, iska ba ta da ƙarfin da za ta jefa dattin cikin mai. Idan aka cika kwanon ya wuce layi, inji yakan zuƙi man, abin da ke da haɗari ga injin gas. Aiki ne mai ƙazanta, mai cin lokaci. Gurɓataccen man kuma a ƙasa ake kwararar da shi, a garin da damina ke wanke komai ta kai kogin da muke kamun kifi a ciki. Waɗanda suka sauya tsarin suna da hujjarsu.

Filtar takarda ta fara shiga motocin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, daga baya Turai da Japan suka bi. Takarda ce ta musamman da aka naɗe ta ninki-ninki domin ta yi faɗi a ƙaramin wuri, aka kewaye bakinta da roba. Mai kyau daga cikinta tana tare kashi 99 cikin ɗari na ƙura ko fiye, har da mai laushin da ke wuce kwano. Ba ta zuba, ba ta da nauyi, ba ruwanta da saurin inji ko jinkirinsa. Idan ta cika sai a cire a sa sabuwa, aikin minti biyar.

A wurinmu sauyin bai zo rana ɗaya ba. Kamfanin harhaɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, an yi zamanin da ma'aikaci ke iya sayen sabuwar mota da bashin ofis, kayan gyara kuma na asali ne a shago. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali. Sai motocin hannu suka fara kwararowa daga Turai ta tashar Kwatano da ta Legas. A hankali Golf da Sharon da Hayis da Corolla suka maye gurbin tsofaffin motoci a tashoshinmu. Duk cikinsu takarda ce a akwatin roba. Motoci ne da suka yi ƙuruciyarsu a titunan Jamus da Beljiyam, inda ruwan sama ke wanke iska kusan duk shekara, suka zo tsufa a kan hanyar Gujungu ranar kasuwa.

Abin da ya faru a nan shi ne ya fi damuna. Kayan aiki ya sauya, amma hannu bai sauya ba. Mun saba da abin da ake wankewa a mayar, sai muka ɗauki wannan ɗabi'a muka ɗora wa abin da ba a yi shi don haka ba. Je ka tsaya gefen mai faci a kowace tasha, za ka ga direba ya ciro filta ya miƙa a busa masa da iskar kwamfuresa. Ƙura ta tashi, takarda ta yi haske, ransa ya yi fari. Abin da ido ba ya gani shi ne ƙarfin iskar ya yayyaga ƙananan kofofin takardar, wani lokaci har ya tsaga ta a cikin ninki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani kuma da ruwa da omo zai wanke ta, wani da fetur, ya shanya a rana ta kumbura ta lanƙwashe, robar bakinta ta daina kama akwati. Mafi muni shi ne shawarar da ake ji a wasu garejoji idan mota ta rage ƙarfi:

"Alhaji, a cire ta kawai motar ta samu ta yi numfashi, in ka samu kuɗi ka sayi wata."

Motar kuwa za ta yi ƙarfi a ranar, mai ita ya yi godiya ya tafi. Sai bayan watanni lissafin zai fito, a lokacin da kuɗin ringi da fistin da aikin sauke inji ya ninka na filta sau da yawa.

Akwai kuma matsalar da kwano bai taɓa sani ba, wato jabu. Kwanon ƙarfe ba a yin na bogi, in an yi ma ido zai gane. Takarda kuwa sai wanda ya sani. Kayan gyaran da ke iso mana akasari ta Kano suke biyowa, daga manyan kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa, kuma kamar ko'ina a ƙasar nan, mai kyau da marar kyau suna iya zuwa a kwali iri ɗaya. Marar kyau takardarta sirara ce, ninkinta kaɗan, robarta ba ta zama daram. Filtar da bakinta bai rufe ba, da ita da babu duk ɗaya ne, domin iska ba ta bin hanya mai wuya alhali ga mai sauƙi a gefe. A da amanar inji tana hannun yaron mota, ana iya tsoma yatsa a tabbatar. Yanzu ta koma hannun mai shago da wanda ya sayar masa, mutanen da direba ba shi da hanyar bincikar aikinsu sai bayan ɓarna ta auku.

Maganar ba ta tsaya kan motoci ba, domin mafi yawan injinan da ke aiki a fadamar nan ba su da taya. Bayan kammala madatsar Tiga a 1974, ga fari na farkon shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980, ambaliyar da kakanninmu suka dogara da ita wajen shinkafa da kamun kifi ta ragu. Noman rani ya zama mafita. A shekarun 1980, lokacin muna cikin Jihar Kano, hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban ruwa masu aiki da fetur da rijiyoyin burtsatse na fadama, jigo ya fara ɓacewa daga bakin kogi. Hana shigo da alkama da aka yi a 1987 ya ƙara wa abin ƙaimi. Aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, aka kammala madatsar Challawa a 1992, shirin Fadama na Bankin Duniya ya biyo baya. Cikin 'yan shekaru, dubban manoman da ba su taɓa kwana a gareji ba suka wayi gari da inji a hannunsu. An koya musu tayar da shi da zuba masa mai. Kaɗan ne aka zaunar aka nuna musu abin da ke cikin ɗan baƙin akwatin da ke gefen kafireta.

Abin da ke ciki a yawancin waɗannan injina soso ne, wani lokaci tare da takarda a bayansa. Soson irin wanda ake wankewa ne: a wanke da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai, a jiƙa shi da baƙin mai mai tsabta, a matse rarar, a mayar. Masu ƙera injinan Honda sun ce a yi haka bayan aikin awa 50, a wuri mai ƙura kuma kafin nan. Man shi ne mai kama ƙura, busasshen soso rabin aiki yake yi. Amma sau nawa muka ga inji a gonar albasa ko tattasai yana ruri da akwatinsa a buɗe, soson ya marmashe an yar, ko an yanko na katifa an cusa? Injin ban ruwa a ƙasa yake zaune, bakinsa bai fi taƙi ɗaya ko biyu daga turɓaya ba, yana yini yana girgiza ƙasar da ke ƙarƙashinsa yana zuƙe ta. Ɗora shi kan katako ko buhu, da yayyafa ruwa a kewayensa, ba su cin ko sisi. Kuma mutuwar injin manomi ba kamar ta motar haya ba ce. Idan ya tsaya a makon da alkama ke ɗaukar ciki, ba kuɗin gyara kaɗai aka yi asara ba, wahalar rani guda ce ta tafi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan ƙaramin abu ya ƙara nauyi. Inji mai kafireta, irin na ban ruwa da babur da janareta da tsofaffin motoci, idan filtarsa ta toshe iska ta yi masa kaɗan, sai ya riƙa jan fetur fiye da ƙima, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya ƙaru. Motocin zamani masu kwamfuta suna daidaita man da iskar da suka samu, su ƙarfi suke rasawa. Ke nan manomin da ke ƙirga kowace lita yana iya zubar da kuɗinsa ta wurin soson da bai wanke ba. Wasu sun koma injin sola, wanda ba ya zuƙar iska balle a tace masa. Amma ko shi ƙura ba ta ƙyale shi ba, faifan da hazo ya lulluɓe wutarsa raguwa take yi sai an goge.

A 'yan shekarun nan filtar da ake wankewa ta dawo wa masu ƙananan motoci da sabuwar fuska. Kamfanin K&N na Kalifoniya, wanda aka kafa a 1969, shi ya yi suna da ita: auduga ce tsakanin ragar waya, ana fesa mata wani mai na musamman, ana wankewa a mayar shekara da shekaru. Matasa masu son mota suna sha'awarta, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: saye ɗaya, babu shara, iska na wucewa a sake. To amma wucewar iska a sake tana da farashi. Kofofin auduga sun fi na takarda mai kyau faɗi, kuma ƙurar da ta fi yawa a wurinmu ita ce mai laushin nan. Tana buƙatar man feshinta da ruwan wankinta, waɗanda ba a kowane shago ake samu ba, tana kuma buƙatar a jira ta bushe, abin da direban haya ba shi da lokacinsa. Idan man ya yi yawa yakan ɓata na'urar da ke auna iska a motocin zamani, mota ta fara shaƙewa a rasa dalili. Abin da ya dace da titin Abuja ba lalle ne ya dace da hanyar ƙauye a watan Fabrairu ba.

Sai ruwa, wanda mu a nan ba ma mantawa da shi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna mana yadda hanya ke komawa kogi cikin dare ɗaya. Takardar da ta jiƙe ta gama aiki, ko ta bushe ba ta komawa yadda take. Kuma babu filtar da ke hana ruwa shiga, ta wankewa ko ta jefarwa. Idan bakin da inji ke shan iska ya nutse, ruwa ya shiga silinda, fistin ba ya iya matse shi, sandarsa ce ke lanƙwashewa. Motar da ta mutu a tsakiyar ruwa ba a sake yi mata ki, janyo ta ake yi a buɗe akwatin a duba.

Idan aka tambaye ni wanne za a zaɓa, sai in ce mutum ya fara duba abin da yake da tabbacin samu: lokaci da kulawa, ko kuɗi da shagon da ya yarda da shi. Wadda ake wankewa tana cin lokaci, ta jefarwa tana cin kuɗi, kowacce kuma tana cin amanar wanda ya hana ta haƙƙinta. Mai ƙaramar motar zamani ya nemi takarda mai kyau, ya duba cewa bakinta ya zauna, ya canza ta bisa ƙurar da ya shiga ba bisa lissafin littafi kawai ba. Littattafan motoci da yawa suna cewa kilomita dubu 15 zuwa dubu 30, amma su da kansu sun ce a wuri mai ƙura a gaggauta. Kada kuma ya riƙa buɗe akwatin kullum, domin kowace buɗewa dama ce ga datti ya faɗa ciki, takardar da ta ɗan ɗauki ƙura ma ta fi sabuwa tacewa matuƙar ba ta toshe ba. Mai babur da mai injin ban ruwa su riƙe sosonsu, su wanke, su sa masa mai, ya fara marmashewa su sayi irinsa. Mai tsohuwar tarakta ko Roka da har yanzu ke da kwanonta, kada ya bari a ruɗe shi ya cire. A gonar da ke nesa da shago, abin da ake gyarawa da kananzir da baƙin mai ya fi abin da sai an je gari.

Injina ƙaruwa suke yi a wannan ƙasa, ba raguwa ba. Aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Auyo a Janairun 2023 ya ƙara filayen noman rani, tare da su kuma taraktoci da injinan girbi da na casa da kurkurar da ke kwaso amfani. Kowane ɗaya daga cikinsu jarin wani ne, sau da yawa na bashi ko na dabbar da aka sayar. Don haka nake ganin akwai nauyi a kan mutum uku. Malamin gona da ke raba inji ya ƙara rabin awa ya buɗe akwatin a gaban manoma ya nuna musu wanki da sa mai. Mai shago ya faɗa wa mai saye gaskiya, wannan ta asali ce wannan kuma ba ita ba ce, ya bar shi ya zaɓa da saninsa. Ogan gareji kuma, duk ran da aka sauke injin da ƙura ta cinye, ya tara yaransa ya sa kowa ya shafa bangon silindar da yatsa ya ji zaizayar, sannan ya nuna musu filtar da aka busa har ta yage. Yaron da aka koya wa haka ba zai taɓa ce wa mai mota a cire ta kawai ba, kuma shi ne zai riƙe garejin nan gaba.